Wayar Hannu Da Ruwan Shuka A Ƙasar Birnin Gwari

Jama'a manoma, da 'yan kasuwa masu sayen amfanin gona, da malaman ofis waɗanda ke taɓa noma in an tashi daga aiki, a wannan mako maganarmu a kan ruwan shuka ce, da irin taimakon da wayar hannu ke iya yi wa mutum wajen sanin ranar da zai zuba irinsa a ƙasa. Maganar ta shafi kowa a Arewa, amma ƙasar Birnin Gwari za mu ɗauka misali, domin a nan kuskuren mako guda yana iya cinye wa magidanci abincin shekara.

Kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani. Shekaru da yawa 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gonakinsu na nesa, a wajen Kuyello, da Randagi, da Dogon Dawa, da Damari, da Kakangi. Shanun huɗa suka tafi, rumbuna suka ƙare. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, a daminar 2025 kuwa mutane da dama suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. To, wanda ya koma gona bayan irin wannan asara ba shi da irin shuka biyu. Abin da ke hannunsa 'yan tiyoyi ne, da buhun taki ɗaya ko biyu, wataƙila ma na bashi. In ya shuka ruwa ya ɗauke, ba shi da na sakewa. Saboda haka sanin lokaci ya zama masa jari, daidai da iri da taki.

DAMINA TA SAKE HALI

Ƙasar Birnin Gwari ba ƙasar ƙarancin ruwa ba ce. Galibi takan sami milimita 1,000 zuwa 1,300 a shekara, watau wajen inci 40 zuwa 50 a lissafin da, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Wannan ya ishi masara, da dawa, da waken suya, da shinkafar fadama. Abin da ke damunmu yanzu shi ne rabon ruwan. Sai a yi ruwa mai kyau a farkon Mayu, kowa ya fita shuka, sa'an nan sama ta yi tas har kwana goma sha biyar. Ko kuwa ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako biyu ya zubo a dare ɗaya, ya share kunya, ya kwashe taki, ya kai shi rafi.

Dalilin wannan ba a ɓoye yake ba. Hayaƙin kwal da fetur da gas da ake ƙonawa a duniya, da sare dazuzzuka, sun sa iskar sama tana riƙe zafi fiye da da. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma manomanta suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, gama da ruwan sama suke noma. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi da yawa, shi ya sa in ta sauke shi takan sauke da ƙarfi. Ita ce kuma ke busar da ƙasa da sauri in ruwa ya tsaya. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Samari kuwa sun ga ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya.

Iyayenmu suna da alamunsu. In shamuwa ta sauka, in iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma, in zufar bazara ta tsananta da dare, sun san ruwa ya kusa. Waɗannan alamu ba abin rainawa ba ne, har gobe muna duba su. Amma shamuwa tana gaya maka damina na tafe ne kawai. Ba ta gaya maka ko ruwan farko zai sami mabiyi cikin mako, ko kuwa sai bayan kwana ashirin. A wannan gurbi ne waya take shiga.

DAGA INA WAYA KE SAMUN LABARI?

Waya ita kanta ba ta san kome ba game da ruwa, 'yar aike ce. Labarin yana fitowa daga wurare uku. Na farko, tauraron ɗan Adam da ke tsaye can sama bisa Afirka, yana ɗaukar hoton gajimare sau da yawa cikin kowace awa. Turawa sun harba na farko irinsa, mai suna Meteosat, tun 1977. Na biyu, tashoshin awo na ƙasa, inda ake auna ruwa da zafi da iska kullum. Na uku, zafin ruwan teku, na Atilantika da ke kudu da mu da na Fasifik can nesa, domin an gano ɗumamarsu da sanyinsu suna da hannu cikin kyawun daminarmu. Duk wannan ake zuba wa manyan kwamfutoci su yi lissafi, masana su duba, sa'an nan a fitar da hasashe.

A Nijeriya wannan aikin hukumar NiMet ne. A farkon kowace shekara, tun cikin rani, takan fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yawan ruwa, da wuraren da ake tsoron fari a tsakiya. Akan tsara shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, akan kuma fassara shi da Hausa. Ban da wannan akwai hasashen kwanaki kaɗan masu zuwa, wanda ake bayarwa ta rediyo da intanet. Akwai kuma kamfanoni masu aika gajeren saƙo a waya kowace safiya, a kan kuɗi kaɗan.

Wasu sukan ce wannan shiga gaibu ne. Ba haka ba ne. In ka ga hadari ya haɗu a gabas ka ce wa yaro ya kwashe shanya, ba duba ka yi ba, ido ka yi amfani da shi. Tauraron nan ido ne mai hangen nesa, yana ganin hadari tun yana ƙasar Cadi ko Kamaru, kafin ya iso mana. Wani lokaci kuma hadarin yakan watse a hanya, kamar yadda wanda ka gani da idonka yake watsewa. Shi ya sa akan ce, misali, kashi 70 cikin 100 za a yi ruwa. Ma'anarsa, in aka sami rana goma masu irin wannan alama, a bakwai ruwa zai sauka, a uku ba zai sauka ba. Wanda ya fahimci haka ba zai yi fushi ya jefar da waya don rana ɗaya ta saɓa ba.

HASASHEN DAMINA DA ZAƁEN IRI

Amfanin farko na hasashen shekara shi ne wajen sayen iri, domin yana fitowa tun kafin a yi sharar gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fitar da masara iri iri. Akwai mai kwana 80 zuwa 85, kamar SAMMAZ 29. Akwai mai kwana 90 zuwa 95, kamar SAMMAZ 27, wadda ke jure fari da wuta-wuta. Akwai matsakaiciya, kamar SAMMAZ 15, akwai kuma masu kai kwana 120. Mai daɗewa ta fi ba da amfani in ruwa ya ishe ta, mai sauri kuwa ita ke tsira in damina ta gajarta.

Ga lissafi mai sauƙi. In ka shuka ranar 10 ga Yuni, mai kwana 90 za ta nuna wajen 8 ga Satumba, mai kwana 120 kuwa wajen 8 ga Oktoba, duka biyu cikin damina. Amma in ruwa ya yi jinkiri, ko gyaran gona ya tsai da kai har 5 ga Yuli, mai kwana 90 za ta nuna wajen 3 ga Oktoba, mai kwana 120 kuwa sai 2 ga Nuwamba, bayan ruwa ya riga ya ɗauke. To, in hasashe ya ce damina za ta yi jinkiri ko za ta ɗauke da wuri, mai hankali ya raba gonarsa, ya ba mai sauri kaso babba. Kada kuwa ya zuba duk ƙarfinsa a masara. Dawa ta fi ta jure fari, wake da waken suya kuma suna gyara ƙasa.

RANAR SHUKA

Nan ne gizo ke saƙa. Masana a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai sun tsara wata ƙa'ida tun cikin shekarun 1980, wadda ake aiki da ita a ƙasashenmu. Sun ce ruwan shuka na gaskiya shi ne in an sami milimita 20 ko fiye cikin kwana uku a jere, sa'an nan ba a sami tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai cikin kwana talatin da ke biye ba. Ku lura ƙa'idar nan rabi biyu ce. Rabin farko, watau ruwan da ya riga ya sauka, manomi na iya auna shi da kansa. Rabi na biyu, watau abin da ke tafe, ba wanda zai ba ka tabbacinsa, amma hasashen kwanaki masu zuwa yana haska maka makon farko, wanda shi ne mafi hatsari ga tsiro.

Awon ruwa ba ya bukatar kuɗi. Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da faɗin gindinsa. Ka ɗora shi bisa turke a fili, nesa da itace da indararo, inda awaki da yara ba za su ture shi ba. Kowace safiya a lokaci guda ka tsoma rula ta 'yan makaranta, ka karanta zurfin ruwan, ka rubuta a littafi, ka zubar. Santimita biyu a rula shi ne milimita 20. Don ku san nauyin abin, milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, watau milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ke nan.

To, ga yadda za a haɗa su. In gwangwani ya nuna milimita 20 ko fiye, ka tona ƙasa ka ga laima ta kai tsawon tafin hannu, waya ko rediyo kuma suka ce akwai ruwa cikin kwanakin da ke tafe, sai ka shuka. In gwangwani ya cika amma hasashe ya ce sama za ta bushe mako guda, ka yi haƙuri, ka ci gaba da huɗa. In kuwa waya ta ce an yi ruwa a yankinku amma gwangwaninka a bushe yake, gwangwani za ka bi, gama shi ne a gonarka.

TAKI DA GIRMAN GONA

Taki shi ne ya fi kome cin kuɗi a noman masara, shi ne kuma ya fi saurin salwanta. Abin da aka saba shawarta ga hekta guda a irin ƙasarmu shi ne wajen buhu takwas na kamfa mai lamba 15-15-15 cikin mako biyu na farko, da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. Kaɗan ne ke iya sayen wannan duka, saboda haka ɗan da aka samu bai kamata ya tafi a banza ba. Yuriya in an watsa ta bisa busasshiyar ƙasa cikin rana, ƙarfinta yakan bi iska. In kuma ruwa mai ƙarfi ya sauka a ranar da aka zuba, sai ta bi ruwa. Abin da take so shi ne ƙasa mai laima, a tona a gefen shuka a binne. Saƙon safiya da ya ce yau da gobe akwai ruwa mai ƙarfi yana iya tsirar da buhu guda, in mutum ya dakata kwana biyu. Haka kuma feshin maganin ciyawa da na ƙwari.

Wani abin kuma, da yawa cikinmu ba su san girman gonarsu ba. Mutum ya ce hekta biyu gare shi, in an auna a tarar ɗaya da rabi ce. Babbar waya tana da na'urar GPS, wadda ke nuna inda mutum yake tsaye. In aka riƙe ta aka zagaya iyakar gona, sai ta faɗi girmanta. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, tana cin irin masara kilo 20 zuwa 25. Wanda ya san girman gonarsa ba ya sayen abin da ya wuce bukata, mai tarakta kuma ba ya cutarsa. Akwai ma manhajar da ke lissafa takin da ya dace da kowace gona, bisa ga abin da aka noma a cikinta bara da irin ƙasarta. An gwada irinta, mai suna Nutrient Expert, da manoman masara a jihohin Kaduna da Katsina da Kano daga 2016, amfani kuwa ya ƙaru, ko da yake ba ƙaruwa ta ban mamaki ba.

TSUTSAR MASARA

A shekarar 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a Afirka, a kudancin Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Kafin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen Afirka. Tana shiga maƙoshin masara, inda sabon ganye ke fitowa, ta ci ta bar kashi kamar garin katako. Tana son zafi, ɓarnarta kuma ta fi tsanani in ruwa ya tsaya shuka ta yi rauni. Akwai manhaja mai suna Nuru, wadda wata jami'a a Amurka ta yi tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da IITA. Ana nuna wa ganye idon waya, sai ta faɗi ko ɓarnar wannan tsutsa ce, tana kuwa aiki ko babu sabis.

Amma waya ba ta shiga gona da kanta. Sau ɗaya ko biyu a mako manomi ya ratsa gonarsa a karkace, ya tsaya wuri biyar, a kowane wuri ya duba shuka goma. In cikin hamsin ɗin nan goma sun kamu tun masara tana ƙarama, lokacin magani ya yi. A yi feshi da sassafe ko da yamma lis, a saita bakin famfo cikin maƙoshin. Wanda ya ɗauki hoto ya aika wa malamin gona ya huta da sayen maganin da ba na cutar ba.

INDA WAYA KE KASAWA

Ba zan gaya muku cewa waya ta gama magana ba. Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta fi murabba'in kilomita 6,000, rana ɗaya kuma aka rubuta mata a jadawalin hasashe. Ana iya yin ruwa a Kuyello kwana uku, Randagi ba ta ga ɗigo ba. Tashoshin awo kuwa kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu a manyan birane da filayen jirgin sama. Wannan ne ya sa na nace a kan gwangwani.

Na biyu, sabis. Ƙauyuka da yawa sai an hau tudu ake samunsa. Kun kuma tuna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wannan yanki saboda tsaro, daidai lokacin kaka. Wanda ya dogara ga waya kaɗai a wannan lokaci ya zama kurma. Tun da farko ma an ga irin wannan a 2012, sa'ad da Gwamnatin Tarayya, zamanin minista Akinwumi Adesina, ta fara raba taki mai rangwame ta saƙon waya. Dabarar ta kai taki ga manoma masu yawa, amma a inda babu sabis saƙo yakan makara, ko ya ƙi zuwa. Na uku, ba kowa ke karatun boko ba, ba kowa ke da babbar waya ba, mata kuwa, waɗanda ke noman wake da kuɓewa da kiwon awaki, su ne suka fi rashinta.

Akwai kuma macuta. Duk wanda ya kira ka ya ce za a ba ka taki ko rance, ya nemi lambar sirrin asusunka, ɓarawo ne. Saƙon WhatsApp da ba a san mafarinsa ba, mai cewa bana za a yi fari ko ambaliya, kada ka sayar da hatsinka ko ka fasa shuka saboda shi, sai ka tambayi malamin gona.

Maganin waɗannan duka an daɗe da gano shi a Mali. Tun 1982, kafin a san wayar hannu, hukumar yanayi ta ƙasar ta fara raba wa manoma ma'aunin ruwa. Su auna a ƙauyensu, labari ya tafi Bamako, masana su haɗa, a mayar musu da shawara ta rediyo kowane kwana goma. Abin da waya ta ƙara a kan wannan tsari shi ne sauri. Ginshiƙinsa kuwa mutane ne: mai awo, da mai karantawa, da mai bayani.

DAJI MA YANA CIKIN LISSAFI

Ba a maganar ruwa a Birnin Gwari a bar daji. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya kai wajen murabba'in kilomita 1,120, yana haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Doka da baushe da taura da maje da ke cikinsa suna tare ruwa ya nutse a ƙasa sannu sannu, shi ne rafuka da fadamu ke sha har cikin rani. Yanzu taurarin Turai masu suna Sentinel-2 suna ɗaukar hoton kowane yanki kusan kowane kwana biyar, hotunan kuwa kyauta ne ga mai intanet. Inda aka share daji don gawayi ko sabuwar gona yana fitowa fili a cikinsu.

Gonakin da aka bari shekara da shekaru sun yi tsiro, wanda ya koma kuwa abin da zai fara tunani shi ne ya sare duka ya sa wuta. Kafin ku yi haka ku ji labarin Maraɗi. Daga wajen 1984 manoman can suka fara abin da suke kira sassaben zamani, watau in kututture ya tsiro, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Bayan shekara ashirin, da masana suka gwada hotunan sama na da da na sabo, suka tarar itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a fili mai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Su da ruwansu bai kai rabin namu ba ke nan. Mu da tsiron ya riga ya fito, bari kawai za mu yi. Kaɗanya da ɗorawa da gawo a gona suna rage zafin ƙasa, suna karya iska, ganyensu taki ne, 'ya'yansu kuma kuɗi ne ga mata.

ABIN DA YA KAMATA A YI KAFIN RUWA YA SAUKA

Shawarata ita ce kowace unguwa ko ƙungiyar manoma, mutum ashirin ko talatin, su zauna tun cikin bazara su tsara abu huɗu. Su kafa gwangwanin awo, su ba mutum ɗaya amanarsa. Su zaɓi saurayi ko budurwa mai karatu da babbar waya, wanda zai riƙa karɓar hasashe yana faɗa wa jama'a da Hausa a dandali da cikin gidaje, a haɗa masa kuɗin kati da na caji, ko a sayi ƙaramin faifan sola. Su karɓi lambar malamin gonarsu, gama Birnin Gwari ɗaya ce daga cikin shiyyoyin hukumar aikin gona ta Jihar Kaduna, cibiyar NAERLS ta Zariya kuma ta kafa layin taimakon manoma. Sa'an nan kada a yar da rediyo, domin ita ba ta jiran sabis.

Ku malaman ofis da na makaranta, littafin ruwa aikinku ne. Ku ja masa layi, rana da wata da milimita, da ranar da aka yi shuka, da abin da aka girba. Bayan shekara biyar ƙauyenku zai mallaki abin da ba kwamfutar da ke da shi, watau tarihin ruwansa na kansa. Ku 'yan kasuwa, ku ma kuna da riba a ciki. In hasashe ya ce ruwa zai zarce cikin Oktoba, ku san masara za ta zo da laima, ku tanadi tamfol da wurin shanya, kada ku ɗinke buhu a kan ɗanyen hatsi ya yi fumfuna. Masu sayar da iri kuma su duba hasashen shekara kafin su yi sari, su kawo mai saurin nuna in shi ake bukata.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce zamani riga ne. Manomi ya duba shamuwa, ya duba gwangwani, ya saurari waya, sa'an nan ya tona ƙasa da hannunsa kafin ya yanke shawara. Wanda ke da tambaya a kan awon ruwa ko zaɓen iri ya rubuto wa wannan fili, za mu amsa a makonni masu zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.